Buhun Naɗe Jariri da Zaburar Barci: Halo SleepSack Swaddle ko Swaddle Up?

Jariri ɗan kwana goma ya ƙoshi da nono, barci ya kwashe shi a hannu. Ana sunkuyawa a kwantar da shi, kansa ya ɗan riga jikinsa sauka, sai hannuwansa biyu su watsu gefe, yatsu su buɗe, bayansa ya ɗan banƙare. Nan take hannuwan su dawo kan ƙirji kamar zai rungumi wani abu, kuka ya biyo baya, barcin da aka sha wahalar samu ya tafi. Saboda wannan motsi guda ɗaya aka ƙera buhun naɗe jariri, kuma da shi ya kamata a auna kowane irin buhu kafin a ce yana da kyau ko ba shi da shi.

Likitoci suna kiran motsin zaburar Moro, da sunan Ernst Moro, likitan yara ɗan Ostiriya da ya bayyana shi a 1918 lokacin yana aiki a Heidelberg ta ƙasar Jamus. Ba tsoro ba ne irin na babba, kuma ba alamar ciwo ba ce. A can cikin kunne akwai sashen da ke lura da daidaiton jiki. Idan ya ji kai ya sauka ba shiri, ko aka yi ƙara mai ƙarfi, saƙo yana zuwa gindin ƙwaƙwalwa, daga nan ya wuce ga tsokoki ba tare da ya bi ta sashen tunani ba. Jaririn ba shi da iko a kai. Zaburar tana fara bayyana tun yana ciki, tsakanin mako na 28 zuwa na 32, ta cika wajen mako na 37, shi ya sa ta bakwaini takan zo da rauni. Bayan haihuwa tana da ƙarfi a watanni biyun farko, ta riƙa ja da baya daga wata na 3, ta ɓace kafin wata na 6. Ga shi kuma kusan rabin barcin sabon jariri barci ne mara nauyi, wanda ido ke motsi a ƙarƙashin fata, fuska na yamutsewa, numfashi na hawa da sauka. A irin wannan barcin, hannun da ya watsu ya bugi katifa ko fuska ya isa ya tashe shi.

Naɗewa ba ta kashe zaburar. Saƙon yana tafiya kamar kullum, tsokoki suna amsawa, sai dai hannun ya tarar da yadi a gabansa, motsin ya tsaya a taƙaice, jaririn ya zarce da barcinsa. Iyakar aikin ke nan. Duk wani alkawari da ya wuce wannan a jikin kwali, kamar cewa buhun zai koya wa jariri barcin dare ko zai kare shi daga mutuwar fuju'a a cikin barci, ba shi da tushe. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗa a jagorarta ta 2022 cewa babu hujjar da ta nuna naɗewa tana rage wannan haɗari.

Akwai buhu biyu da suka yi fice a kasuwa, kuma kowanne ya bi hanyarsa daban. Halo SleepSack Swaddle na kamfanin Amurka riga ce marar hannu mai kama da buhu, an ɗinka mata fukafukai biyu a baya. Ana saka jariri a ciki, a fitar da hannuwansa ta ramukan hannu, a ja zif daga wuya zuwa ƙasa, sannan a kwantar da hannu ɗaya a jiki a rufo fiffike ɗaya ta kansa, a kwantar da ɗayan a rufo na biyu, a manne su da maɗauri irin na Velcro, wato mai mannewa idan an danna, a ɓalle shi da ja. Swaddle Up na kamfanin Love To Dream da ke Ostireliya ba shi da fiffiken naɗi ko maɗauri. Yadi ne mai talewa, auduga kashi 93 da roba kashi 7 a samfurinsa na asali, an yanka shi da aljihu biyu a sama inda hannuwa ke shiga suna ɗage kusa da fuska. A saka jariri, a ja zif, an gama.

Wajen danne zabura, Halo ya fi. Hannun da ke kwance a jiki, da yadi riɓi biyu a kansa, ba shi da inda zai je. Kuma da yake mai naɗewa ne ke tsayar da matsin, ana iya daidaita shi da jikin jaririn, siriri ne ko ɓulɓul. Swaddle Up yana barin hannu ya ɗan yi tsalle a cikin aljihunsa kafin yadin ya dawo da shi, don haka jaririn da zaburarsa ke da ƙarfi sosai, musamman a makonni ukun farko, yana iya ci gaba da farkawa a cikinsa. Amma wannan ƙarfin na Halo shi ne kuma rauninsa, domin komai ya rataya a kan hannun mai naɗewa. Idan aka naɗe sako-sako, jariri yana murza kafaɗa ya zaro hannu ta sama, fiffiken ya taso har ya kai haɓa ko baki. Yadi a kan hanci da bakin wanda bai iya janye shi ba, babu abin da ya fi shi muni a wannan harka. Idan kuma aka matse fiye da kima, ƙirjin ba ya samun wurin buɗewa, ga shi sabon jariri yana numfashi sau 40 zuwa 60 a minti ɗaya. Ma'aunin da ake bi shi ne yatsu biyu ko uku su shiga tsakanin ƙirji da yadin ba tare da an cusa su da ƙarfi ba, kuma bakin fiffiken na sama ya zauna daidai da kafaɗa, kada ya haura. Swaddle Up ya kuɓutar da mutum daga wannan lissafin. Ƙarfe uku na dare, ido na rufewa, duk wanda ya saka shi iri ɗaya zai saka shi, uwa ce ko uba ko mai raino.

Sai dai Moro ba ita kaɗai ce motsin da jariri ke zuwa da shi ba, kuma a nan ne ake yawan tafka kuskure wajen zaɓe. Shafa kumatun jariri da ɗan yatsa, zai juyo da kai ta wannan ɓangaren yana buɗe baki yana lalube. Taɓa ganɗarsa, zai kama tsotso. Waɗannan biyun da su yake rayuwa. Laluben yana nan har wajen wata na 4, tsotson kuma yana fara haɗuwa da haɗiya da numfashi tun makonnin ƙarshe na ciki. Kafin jariri ya yi kukan yunwa yana ba da alamu a jere: ya motsa baki, ya juya kai dama da hagu, ya kai dunƙulallen hannunsa baki yana tsotsa. Kuka shi ne na ƙarshe, kuma wanda ya kai ga kuka yana wuyar kama nono da kyau. Hannun da aka ɗaure a jiki ya goge alama ɗaya daga cikin waɗannan, naɗin kuma yana iya zurfafa barci har lokacin shan nono ya wuce. Jaririn da ke buƙatar sha sau 8 zuwa 12 a awa 24, ko wanda bai dawo da nauyin haihuwarsa ba, ko mai shawara a ido, bai kamata a taya shi dogon barci ba. A nan Swaddle Up ya yi zarra: jariri yana kai hannu baki ta cikin yadin, yana tsotsa, yana shafa kumatunsa, wanda yake lallashin kansa ne kamar yadda ya saba tun yana ciki. Kuɗin da ake biya shi ne aljihun hannun yana jiƙewa da yawu, yana tsami idan ba a wanke ba, kuma jiƙaƙƙen yadi a kan kumatu yana iya jawo ƙuraje. Wanda zai yi amfani da shi ya tanadi biyu ko uku. Shi ma Halo ana iya naɗe shi da gwiwar hannu a lanƙwashe, tafin hannu kusa da haɓa, kamfanin ma ya nuna hakan a cikin hanyoyi ukun da ya tsara, amma a wannan yanayin ne hannu ya fi saurin zamewa ya fito.

Ko wanne aka saya, a cire shi lokacin shayarwa. Jariri yana amfani da hannuwansa wajen nemo nono da dafa shi, kuma haɗuwar fatarsa da ta uwa tana tayar da laluben da tsotson. Wanda aka shayar a naɗe yakan yi tsotso biyar ya koma barci bai ƙoshi ba.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a cika lura da shi ba. Bakin yadin da ke goga kumatu yana tayar da lalube ko da jaririn ba ya jin yunwa, sai ya yi ta juya kai yana neman nonon da babu, har ya farka da fushi. Wuyan buhu da ya yi girma, ko fiffiken da aka ɗaga sama, shi ke jawo wannan. Saboda haka girman buhu da nauyin jariri ake zaɓensa, ba da shekarunsa ba, kuma ba a sayen babba don ya girma a ciki. Halo na sabuwar haihuwa an yi shi don kilo 2.7 zuwa 5.4. Swaddle Up yana da na kilo 2.2 zuwa 3.8, da ƙarami na 3.5 zuwa 6, da matsakaici na 6 zuwa 8.5. Gwajin yana da sauƙi: bayan an ja zif, a kama yadin a kafaɗu a ɗan ɗaga. Idan wuyan ya iya haurawa ya wuce haɓa, buhun ya yi girma.

Daga ƙugu zuwa ƙasa, duka biyun sun yi abin da ya dace, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa suka fi zanen naɗi a hannun wanda bai ƙware ba. Ka kwantar da sabon jariri rigingine ka sake shi, za ka ga cinyoyinsa sun lanƙwashe sun buɗe kamar na kwaɗo. Wannan zaman shi ke riƙe kan ƙashin cinya a cikin kwarminsa na ƙugu, wanda a wannan lokacin guringuntsi ne mai laushi, bai gama zurfi ba. Idan aka miƙar da ƙafafu aka haɗe su aka ɗaure, tsokar cinya tana jan kan ƙashin waje, kwarmin ya tashi ba zurfi, wani lokaci ƙashin ya goce gaba ɗaya. Abin ba ya ciwo a lokacin, sai yaro ya fara tafiya a ga ɗingishi. Japan ta sha fama da wannan matsala, har aka yi gangamin ƙasa a 1975 na hana miƙar da ƙafafun jarirai, yawan gocewar ƙugu ya ragu ƙwarai. Ƙasan Halo faffaɗa ne sosai, ƙafa tana harbi yadda take so. Na Swaddle Up ya ɗan fi tsukewa a ciki amma ya buɗe a ƙugu. Abin kiyayewa a Halo shi ne kada a sauko da fukafukan ƙasa har su matse cinyoyi. Aikinsu ya tsaya a ƙirji da hannuwa.

Zanen naɗi na auduga mai shara-shara, mai faɗin santimita 120 kowane gefe, yana iya yin duk abin da buhunan nan ke yi a hannun ungozoma ko ma'aikaciyar jinya da ta saba. A hannun sabon shiga kuwa yakan warware cikin dare ya zama sakakken mayafi a gadon jariri, abin da ake gudu tun farko.

Zafi shi ne haɗarin da ya fi ɓuya. Jariri ba ya iya yaye abin da aka rufa masa, kuma jikinsa bai ƙware wajen fitar da zafi ba. Ana rubuta kaurin buhu da ma'aunin da ake kira TOG: lamba ta yi sama, ɗumi ya ƙaru. Love To Dream ya tsara nasa dalla-dalla, 0.2 ga ɗaki mai digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, 1.0 ga 20 zuwa 24, sai 2.5 ga 16 zuwa 20. Halo na auduga yana kan 1.5, mai gashi-gashin kuma 3.0, kuma a tuna fukafukansa suna ninka yadi a kan ƙirji, inda zafi ya fi taruwa. A ɗaki mai ɗumi wannan ya sa Swaddle Up mara nauyi ya fi dacewa nesa ba kusa ba, da famfas kaɗai ko 'yar shimi a ciki. Idan ɗakin ya haura digiri 27, barin naɗin gaba ɗaya ya fi. Ba a auna zafin jariri da tafin hannu ko ƙafa, domin waɗannan sukan yi sanyi ko da lafiyarsa ƙalau. A sa yatsu a ƙeya ko a ƙirji. Gumi, jiƙaƙƙen gashi, jan kumatu, ƙurajen zafi da saurin numfashi duk suna cewa a rage kaya. Ba a sa hula a barcin cikin ɗaki, kuma jaririn da zafin jikinsa ya kai digiri 38 ba naɗi yake buƙata ba, likita yake buƙata a ranar.

Maganar da ta fi kowace nauyi ita ce ranar dainawa. Jaririn da aka naɗe, rigingine kaɗai ake kwantar da shi, a kan katifa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, babu filo, babu bargo, babu 'yar tsana. Wani nazari da ya tattara bincike huɗu, wanda mujallar Pediatrics ta buga a 2016, ya gano cewa naɗaɗɗen jaririn da aka kwantar ruf da ciki haɗarin mutuwarsa a barci ya ninka kusan sau 13, na kwanciyar gefe kuma kusan sau 3, kuma haɗarin yana ƙaruwa yayin da jaririn ke girma. Dalilin a fili yake. Wanda ya kife yana buƙatar hannuwansa ya dogara ya ɗaga kai ya juya fuska. An ɗaure hannun, an ƙwace masa hanyar tsira. Saboda haka da zarar ya fara yunƙurin juyawa, ba sai ya juya ba, an gama da naɗi. Alamun su ne ya riƙa karkata zuwa gefe ɗaya, ya ɗaga ƙafafu ya jefa su gefe, ya banƙare yana tura katifa da diddige, ko a same shi ya sauya wuri a gado. Galibi wannan yana zuwa a wata na 3 zuwa na 4, amma wasu suna farawa tun suna da wata 2. Hannuwan da ke ɗage a cikin Swaddle Up ba su kuɓuta daga wannan doka ba, domin hannun da ke cikin aljihu ba ya iya dogarawa. Idan aka lissafa, amfanin buhun naɗi bai wuce wata 2 zuwa 4 ba ga yawancin jarirai, alhali zaburar Moro ba ta gama ɓacewa ba. Za a yi 'yan darare na yawan farkawa, kuma haka ya kamata a karɓe su.

A wannan gaɓar Halo ya fi daɗewa da amfani, domin ana iya fitar da hannuwa biyu a naɗe fukafukan a ƙirji kaɗai, ƙarƙashin hammata. Swaddle Up na asali ba ya buɗewa. Sai an sayi wani samfurin daban mai aljihun hannu da ake zugewa a cire ɗaya bayan ɗaya.

Buhu mai nauyi, wanda aka cusa wa ƙananan duwatsu ko ƙwayoyin roba a ƙirji wai don ya yi kama da tafin hannun uwa, a bar shi a kanti. Jagorar 2022 da aka ambata ta hana shi, kuma a 2024 manyan 'yan kasuwa irin su Amazon da Target sun daina sayar da irinsa a Amurka. Haƙarƙarin jariri yana da laushi, kuma saurin farkawarsa kariya ce gare shi. Halo da Swaddle Up da ake magana a kansu ba su da wannan nauyin.

Naɗi kuma yana iya rufe abin da ya kamata ido ya gani. Zaburar Moro ta lafiya tana zuwa daidai a hannu biyu. Idan hannu ɗaya ya watsu ɗayan yana kwance, ana zargin karayar ƙashin da ya haɗa ƙirji da kafaɗa, ko rauni a jijiyoyin da suka taso daga wuya zuwa hannu, abin da kan faru a haihuwa mai wuya. Idan babu zaburar sam, ko ta yi rauni tare da kasala da ƙin tsotso, musamman ga mai shawara, maganar ta gaggawa ce. Idan ta wuce wata 6 tana nan da ƙarfinta, ana duba ci gaban ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wata irin farfaɗiyar jarirai da ke kama da zabura: kai ya duƙo, hannuwa su watsu, amma tana zuwa a jere sau da yawa, 'yan daƙiƙu tsakani, galibi bayan farkawa, ba tare da ƙara ko motsi ya jawo ta ba. Wannan ba ta jira. A ɗauki bidiyonta a waya a nuna wa likitan yara. Jaririn da ke wuni a cikin buhu ba za a ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa ba, kuma ba zai sami damar motsa sauran baiwarsa ba, irin damƙar yatsan da aka sa masa a tafi, ko miƙe hannun ɓangaren da ya juya kai yana lanƙwashe ɗayan. Buhun na barci ne. Idan ido biyu yake, a sake shi, a riƙa kifa shi na 'yan mintuna a gaban mai kula don wuya da kafaɗu su yi ƙarfi.

Wajen ɗorewa da wanki, Velcro na Halo yana da ƙara idan aka ɓalle shi, ƙarar da ita kanta takan tayar da zaburar da ake gudu. Yana kama zare da sauran kayan wanki, kuma da ya tsufa riƙonsa yana raguwa. A manne fukafukan kafin a jefa a injin wanki, a riƙa tsince zaren da ya maƙale. Ranar da maɗaurin ya fara sakewa da ɗan ja, buhun ya tashi daga aiki. Yadin Swaddle Up kuma robarsa tana mutuwa da zafin injin busarwa, ya saki jiki, wuyan ya faɗaɗa, saboda haka shanya ta fi masa. Duka biyun ana buɗe zif ɗinsu daga ƙasa, a sauya famfas ba tare da an kwance hannuwa ba, kuma duka suna da ɗan yadin da ke rufe kan zif don kada ya karci haɓa.

Ga jaririn da zabura ke hana shi barci sosai, a ɗaki mai sanyi-sanyi, kuma mai naɗewar ya koyi gwajin yatsu biyu, Halo na auduga ya fi biyan buƙata. Ga jaririn da ba ya rabuwa da tsotson hannu, ko ɗaki mai ɗumi, ko gidan da mutane da yawa ke karɓa-karɓar kwantar da shi, Swaddle Up mara nauyi ya fi aminci daga kuskure. Jaririn da ke barcinsa lafiya ba naɗi kuwa ba ya buƙatar ko ɗaya. Shi ma mai zaburar ana rage masa ita da yadda ake kwantar da shi: a riƙe shi manne da ƙirji har a sunkuya kusa da katifa, ɗuwawu su fara sauka, sannan baya, kai ya zo a ƙarshe yana cikin tafin hannu, a bar ɗaya hannun a kan ƙirjinsa na kamar rabin minti kafin a zare a hankali.